Giram Taran da Lois Ta Bayar

"Lois, ina sauran man?"

Ba ta ɗago ba. Idonta na kan ɗan sikelin da ke gaban Tobias, inda ya ɗora tiyub ɗin nan mai jan layi a wuya. Ya ɗauke shi, ya hure farantin sikelin kamar ƙura ce ta shanye maganin, ya sake ɗorawa.

Lambar ba ta canja ba.

"Sati biyu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada na waje su ji. "Kunci ɗaya, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake. Giram uku ya kamata ya tafi. Sha biyu suka tafi, Lois. Ina tara?"

"Ban sani ba."

"Masoyiya..."

"Na ce ban sani ba, Oga Tobias."

Ta ga yadda kalmar ta dake shi. Rabonta da ce masa Oga tun ranar da ya raka ta har ƙofar gidansu a Abbare, ya tsaya yana in'ina kamar ɗan firamare. Ta so ta ji tausayinsa. Ta laluba cikin ƙirjinta, ba ta sami komai ba.

Haka Lois take, kuma ba yau ta fara ba. Tana shekara goma sha huɗu ƙuraje suka feso mata a fuska, ba irin na 'yan mata da ke zuwa su wuce ba, manya masu ruwa, masu barin rami da baƙin tabo. Babu abin da ba ta shafa ba: lemun tsami, man goge baki, sabulun salo, haɗin wata mata a kasuwa da ya kusa ƙone ta, har da man zaitun da aka yi wa addu'a. Yaran ajin da take koyarwa suna kiranta Anti Gyaɗa in ta juya baya. Da farko takan yi kuka. Zuwa shekara ashirin da biyar kukan ya ƙare, mutane suka riƙa yaba haƙurinta. Ba haƙuri ba ne, zuciyar ce ta yi kanta.

Sai aka zo da gwajin sabon magani a wani asibitin fata da ke cikin Jalingo. Man shafawa ne, dangin waɗanda likitoci ke kira retinoyid, kuma bai shiga kasuwa ba tukuna. Mutum arba'in aka ɗauka. Kowa tiyub biyu: mai jan layi na kuncin dama, mai shuɗin layi na hagu. Ɗaya ne ke da maganin, ɗayan mai ne kawai, kuma ba wanda ya san wanne ne, har Dakta Hamna da ke shugabantar aikin. Duk sati biyu a dawo da tiyub, famasis ya auna, a ɗauki hoton fuska, mata kuma a gwada fitsarinsu.

Ranar sa hannu a fom Dakta Hamna ta faɗi dokar da Hausa, ta faɗa da Fulatanci, ta sake faɗa da Turanci.

"Ba a ba kowa. Ko uwarki ce. Mai ciki kuwa ko da yatsa ba ta taɓa shi, don irin wannan magani yana iya taɓa ɗan da ke ciki. Kun ji ni?"

Kowa ya ce ya ji. Lois ma ta ce ta ji.

Satin farko fuskarta ta yi ja, ta riƙa saɓa kamar dafaffen dankali. Matan unguwa suka ce bilicin ta fara, wasu suka rage murya suka ambaci kuturta. Zuwa sati na bakwai kuwa, ko makaho ya shafa zai san tiyub ɗin da ke da magani. Kuncin dama ya kwanta lumui, na hagu yana nan yadda yake.

Tobias shi ne famasis ɗin. Dogo, mai yawan tsabta har ta yi yawa, irin mutanen da ke goge biro kafin su ba ka. Yadda abin ya faro tsakaninsu ita kanta ba za ta iya faɗa ba. Ta dai lura in yana mata magana ba ya neman gefen da ya warke ya ajiye idonsa a kai, kamar yadda kowa ke yi. Dokar aikin ta hana ma'aikaci neman wadda ake gwaji a kanta, don haka suka ce za su ɓoye har sati na goma sha shida, lokacin da za a kammala gwajin. Amma namiji in so ya kama shi ba ya iya ƙirga sati. A na takwas ya ɗauke ta ya kai ta Yelwa gaida mahaifiyarsa.

Mama ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi, ta dawo kan fuska ta zauna. Hausar Mama irin ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji.

"Wannan abu na fuskanka, yana bin jini?"

"Mama!" in ji Tobias.

"Tambaya na yi. Ni ne zan goya jikoki."

A bakin murhu akwai wata tana juya miya kamar a gidansu, tana murmushi cikin tukunya. Jennifer ce, mai ba da kati a asibitin, 'yar kwaya mai waƙa a coci, wadda Mama ta daɗe da yi wa ɗanta kamu a zuci. Jennifer ta san dokar gwajin kamar sunanta. Kai ƙarar Tobias ba zai amfane ta ba, don shi za a kora. Wadda take so a kora daban ce.

Bayan kwana huɗu Mama ta aika a kira Lois ita kaɗai, ta ce ta zo da man nan.

Lois ta tarar da Anti Victoria, yayar Tobias, zaune a kan tabarma, goshinta da haɓarta duk sababbin ƙuraje. Shekararta shida da aure, ɓari biyu, babu ɗa a hannu. Mace ce mai sanyi, ita kaɗai ta yi wa Lois dariya ranar gaisuwa.

"Jennifer ya ce mai jan nan shi ne mai aiki," in ji Mama. "Ka ga fuskan Victoria ya ɓaci. Matsa mashi kaɗan."

"Mama, an hana mu bayarwa..."

"Wane ya hana? Ni uwan Tobias ne! Tun ba ka shiga gida ba ka fara rowa? To in ka shiga, ruwa ma sai mun roƙa!"

Ta turo mata wata 'yar robar man leɓe da aka wanke.

Tambayar na kan harshen Lois. Anti, ba ki da ciki dai ko? Kalma bakwai kacal. Amma ta yaya budurwar da ko sadakinta ba a yanka ba za ta dubi yayar saurayinta, macen da duk coci ke yi wa addu'ar haihuwa, ta tambaye ta ciki a gaban uwarta? Ai zagi ne. Ta haɗiye tambayar. Ta buɗe tiyub, ta matsa, ta ga farin man yana nannaɗewa cikin robar.

Giram taran ke nan da Tobias ke nema yau Juma'a.

"Saboda Mama ne ko?" ya ce, ya ajiye biro. "Kin shafa a hagu don ta daina kallonki. Ki faɗa mini, ba zan yi fushi ba."

Ta kawar da kai. Gara ya ɗauka haka.

"Kin san in na rubuta wannan lambar cire ki za a yi? Maganin ba a sayar da shi ko'ina. Fuskar za ta koma, Lois!"

"Rubuta abin da ka gani."

"Haka kawai? Ko a jikinki?"

"To me zan yi? In yi birgima?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rufe littafin da layin a buɗe, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki.

"Zan bar shi zuwa Litinin. Ki je ki yi tunani, ki zo mini da gaskiya. Don Allah, zuciyata... kada ki sa in zaɓa tsakaninki da aikina."

Ta ɗauki jakarta ta fita. A teburin kati Jennifer ta ce, "A gaida gida, Anti Lois!" da muryar nan tata ta kwaya.

Washegari Asabar ta je Yelwa taya Mama wanki, don haka ake neman shiga. Tana shanya zannuwa Anti Victoria ta yafito ta zuwa ɗaki, ta tura ƙofa. Fuskarta ta fara saɓa a gefen hanci, alamar man ya kama.

"Ƙanwata, na gode da man nan. Kwana goma ke nan ban fasa ba." Ta kama hannun Lois ta ɗora a mararta, idonta ya cika da ƙwalla. "Ke kaɗai zan faɗa wa, don kin yi mini kirki. Wata biyu da rabi. Ko Mama ba ta sani ba, ko Joseph mijina sai shekaranjiya. Biyun nan da na yi saurin faɗa, kin san yadda suka ƙare. Wannan sai ya fito da kansa."

Lois ta ji ana daka a maƙwabta. Ta ji akuya na kuka. Ta ji ruwa na ɗiga daga zanin da ta shanya. Abin da ba ta ji ba shi ne hannunta, wanda ke kan cikin.

"Ina robar?"

"Ga ta can kan taga. Lafiya?"

Ta ɗauka ta jefa a jaka.

"Anti, wanke fuskarki da sabulu. Ɗauki gyale. Asibiti za mu."

"Asibitin me? Lois, kina ba ni tsoro!"

"Mai ciki ba ta shafa shi. An faɗa mana. Na sani, kuma ban tambaye ki ba."

Victoria ta zame ta zauna a bakin gado.

"In muka je Mama za ta ji... kowa zai ji..."

"Su ji."

Ta fito da waya ta kira Tobias. Ta san abin da kiran nan zai cinye: maganin, aikinsa, wataƙila auren gaba ɗaya. Ta san shi sarai kamar yadda ta san jadawalin ajinta. Da ya ɗauka ta ce, "Ka kira Dakta. Na san inda giram taran suke." Ta kashe.

Dakta Hamna ta zo da kayan gida, ko farar riga ba ta sa ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse kowa ba.

"Useni," ta roƙa da Fulatanci, "zauna, Victoria, daina rawar jiki." Ta buga waya aka buɗe sirrin lambar Lois. Mai jan layin dai shi ne maganin. "Ki ji ni da kyau. Abin da ke shiga jini ta fata kaɗan ne ƙwarai. Yawancin matan da suka shafa danginsa cikin rashin sani sun haifi 'ya'yansu lafiya. Amma wannan sabo ne, ba zan rantse miki ba. Za mu bi cikin nan da hoto wata-wata har ki sauka. Kin yi sa'a an zo yau, ba bayan wata uku ba."

Sannan ta juyo.

"Lois. Da harshe uku na faɗa. Wa ya ce ki bayar?"

Victoria ta sunkuyar da kai.

"Ni na bayar."

"Ba wanda ya sa ki?"

"Ni na bayar, Dakta."

"To kin fita daga gwajin. Ajiye tiyub ɗin duka biyu."

Ta ajiye su a kan tebur, ta jera su daidai. Sai Tobias, wanda tun shigowarsu ke tsaye jikin bango, ya matso.

"Dakta, akwai nawa. Jiya na ga nauyin bai cika ba, ban rubuta ba. Kuma... neman aurenta nake yi. Tun sati na biyar."

Dakta ta cire tabarau ta murza ido.

"Ku biyun nan kun gama da ni. Ba ni makullin ɗakin magani, Tobias."

A waje, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya tsaya ya dube ta. Idonsa ya yi ja.

"Yayata, Lois. Shekara shida tana jira. Kin san dokar!"

"Na sani."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Shi ke nan."

Ya tare keke ya sa yayarsa a ciki, ya shiga, suka tafi. Ita ta taka da ƙafa har Abbare, rana na dukanta, ba hula ba lema, ta ma manta an ce ta guji rana.

Ranar Lahadi bayan sujada Mama ta iso gidansu da mata biyu na zumuntar matan coci. Tun daga ƙofa ake jin ta.

"Ina shi? Ina yarinyan da ya ba 'yata guba? Shi bai samu miji ba, yana baƙin ciki wani zai haihu!"

Mahaifiyar Lois ta fito da hannu duk ƙullun masara, tana ba da haƙuri ba ta ma san laifin ba. Lois na tsaye a ƙofar ɗaki. Kalma ɗaya za ta faɗa matan zumuntar nan su juya su dubi Mama. Ta dubi tsohuwar, ta ga leɓenta na rawa, ta gane ba fushi ne kaɗai ke cinta ba. Mama ta san wanda ya turo robar. Ihun nan duk don kada ta ji muryar kanta ne.

Lois ta durƙusa.

"Ki yi haƙuri, Mama."

Aka kai magana gaban Pasto, aka tara manya. Hukuncin da Mama ta kawo ya yi wa kowa daidai: a dakatar da maganar aure sai Victoria ta sauka. In ɗa ya zo lafiya, a zauna. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa. Manya suka gyaɗa kai, suka ce ai wannan adalci ne. Aka tambayi Lois.

Ta ce, "To."

Tobias ya tashi ya bi mutanensa. Bai kuma kira ta ba.

Sati uku da daina shafawa, ƙurji na farko ya fito a kuncin dama. Ta gan shi a madubi da safe, ta ɗaura ɗankwali ta tafi makaranta. Bayan wata biyu ba mai iya cewa wane gefe aka taɓa yi wa magani. Tana koyarwa, tana cin abinci in an ba ta, tana zuwa coci ta zauna a bencin baya. Labari na iso mata ba ta nema ba: hoton wata huɗu ya yi kyau, Tobias ya koma wani kemis a unguwar Sarkin Dawaki, Jennifer kullum tana Yelwa. Duk ta ji su kamar sanarwar rediyo game da wani gari.

Wata Laraba, an tashi yara, tana goge allo, ta ji an tsaya a ƙofar aji.

Tobias ne. Ya rame. Rigarsa ma ba guga, abin da ba ta taɓa gani ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini Mama ce ba?"

Ta ci gaba da goge allon.

"Lois, da ke nake! Victoria ta faɗa mini komai jiya. Ta ce ba za ta iya shiga wata na shida da wannan a ranta ba. Ta kama Jennifer a gaban Mama, ta tambaye ta ko ta san dokar lokacin da ta kawo shawarar. Ko musu Jennifer ba ta iya yi ba. Wata uku kina ɗauke da zagin da ba naki kaɗai ba!"

"Uwarka ce."

"Ni kuma fa? Ni wane ne?"

"Hannuna ne ya matsa man, Tobi. Ba na Mama ba. Da na yi tambaya ɗaya..."

"Na sani. Kin yi kuskure. Mama ta yi. Ni ma da na bar layi a buɗe na yi. Amma ke kaɗai ce kika ɗauki waya." Ya shigo ya karɓe tsumman daga hannunta. "Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Na kuma yi abin da ya fi fushin muni, na zauna ina jira tare da su. Ba zan ƙara ba. Asabar Baba Timoti zai zo gidanku da mutanenmu."

Baba Timoti ƙanin mahaifinsa ne, shi ke tsaye a matsayin uba tun rasuwar mahaifin.

"Saura wata uku da 'yan kwanaki," ta ce. "Ka jira. In yaron ya zo da matsala, duk ranar da ka dube ni ita za ka gani."

"In kuma na jira ya zo lafiya fa? In zo in ce miki me? Lois, sakamako ya fito, kin ci, zo in aure ki?" Muryarsa ta karye. "Har ki mutu ba za ki san ko ina sonki ba. Ni ma ba zan sani ba. Yanzu nake so, yanzu da ba wanda ya san komai."

Ta dube shi. Wani abu ya ɗan motsa can ƙasan ƙirjinta, kamar ƙafar da ta yi sanyi aka fara taka ta. Da zafi.

"Ka ga fuskar ta dawo."

"Na gani. Asabar ɗin dai."

"Mama ba za ta zo ba."

"Wataƙila."

Ba ta zo ɗin ba. Aka ɗaura auren a coci ranar wata Asabar, mutane ba su cika benci shida ba, 'yan kwaya rabi suka ƙi fitowa. Mai kwalliya ta zo da hodarta kala-kala, Lois ta ce a bar fuskar haka, hoda na ƙara tayar da ƙurajen. Anti Victoria ce ta tsaya mata, da cikinta wata bakwai, ƙafa a kumbure, ta ƙi zama har aka gama. Da Pasto ya tambaya, Tobias ya amsa da ƙarfi har yara suka yi dariya. Lois ta amsa a hankali. Mutane suka ce amarya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba, wace irin amarya ce wannan.

Ita dai ta san ba ta gama sauke numfashi ba tukuna.

Ranar wata Talata da hantsi waya ta zo, naƙuda ta tashi. Suka tarar da Joseph na safa da marwa a baranda. Mama na ciki. Dakta Hamna ma ta zo, tare da likitan yara da ta ɗauko musamman.

Lois ta ƙi zama. Ta jingina da bango, ta harɗe hannu. Azahar ta yi, ta wuce. Can suka ji kukan jariri, siriri, mai tsini. Joseph ya ruga. Aka ce ya dakata, likita na dubawa: kunne, ganɗa, zuciya, komai.

Minti ashirin ɗin nan sun fi wata shidan tsawo.

"Tobi."

"Na'am, matata."

"In suka fito suka ce akwai matsala fa?"

"Sai mu shiga mu yi kuka tare da su. In an gama mu tafi gida."

"Wane gida?"

"Namu mana. Kina da wani ne?"

Ƙofa ta buɗe. Dakta Hamna ta fito tana cire safar hannu, ta nemi Lois da ido kafin kowa.

"Mace. Kilo uku da ɗigo biyu. Mun duba duk abin da ake dubawa, ba mu ga komai ba. Za mu ci gaba da ganinta, amma ki saki ranki."

Joseph ya durƙusa a tsakiyar baranda yana "Na gode Yesu! Na gode Yesu!" Tobias ya rufe fuska da hannu biyu. Lois ta gyaɗa kai kawai, kamar an ce mata gobe akwai taron malamai.

Sai Mama ta fito.

Wata shida rabon da ta yi wa Lois magana in ba zagi ba. Ta zo za ta wuce, ɗankwali a karkace, zani duk ya jiƙe da gumi. Ta wuce ɗin ma, taku biyu. Ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Amarya."

"Na'am, Mama."

"Ni ne na ce ka ba shi. Na je na gaya ma Pasto, da matan zumunta duka." Ta gyara ɗankwalin, muryarta ta dusashe. "Ran Lahadi na gaya masu. Tun bai haihu ba. Kar ka ce don ya zo lafiya ne."

Mama ta nuna ƙofar ɗakin da haɓa.

"Shiga ka ɗauki 'yarka. Victoria yana kiranka tun ɗazu."

Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ƙafar ta ƙi. Ta sulale jikin bangon har ƙasa, sai ga wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda ita kanta ba ta gane nata ba ne. Kuka ne, mummuna, mai majina, irin wanda ba ta yi ba tun tana 'yar makaranta. Nas ta leƙo ta ce a yi a hankali, akwai marasa lafiya.

Tobias ya zauna a ƙasan tare da ita, da wandonsa mai guga, ya jawo kanta ya ɗora a ƙirjinsa.

"A bar ta, Sista," ya ce. "Jaririyar za ta jira. Matata ce, ta daɗe ba ta yi ba."